Ciwo a baki, hoto a ciki

Aikina duba hoton cikin jiki ne a nan Damagaram, kuma ba kasafai likitan fata ke aiko mini da mara lafiya ba. Da ya aiko wata budurwa daga wajen Mirya, ga abin da ya rubuta a takardar: a nemo ƙari. Bakinta duk gyambo, leɓɓa sun yi ɓawon jini, an yi wata da watanni ana magani ba sauƙi.

Mahaifinta ya ce, "Likita, ciwon a baki yake, me ya kai ku ciki?" Na ce, "Baba, wani lokaci jiki yana yaƙar ƙari a ɓoye, sai garkuwar ta ruɗe ta far wa fata."

Wannan cuta ita ce pemfigus, wadda garkuwar jiki ke sa fata da baki su yi ƙuraje da gyambo. Irin wanda ke bin ƙari, likitan fata Grant Anhalt da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 1990. A manya yawanci limfoma ko wani kansar jini ke bayansa, a yara da matasa kuwa cutar Castleman, wato wani irin kumburin kaluluwa.

Hoton ƙirji bai nuna komai ba. Eko, wato hoton ciki da ake ɗauka da sauti, ma haka, domin iskar hanji ta rufe bayan ciki, inda irin wannan kumburi ke son laɓewa. Nan ne dangi ke son komawa gida, kuɗi sun fara ƙarewa, kuma ban ga laifinsu ba. Na dage a yi skana, wato hoton da ke nuna jiki yanki-yanki, tun daga ƙirji har mara, tare da allurar ruwan da ke haska jijiyoyin jini. Idan ba wannan allura, rabin aiki ne. Sai ga dunƙule guda kusa da ƙodar hagu, ya sha ruwan ya yi haske sosai, kamar yadda Castleman ya saba. Amma hoto ba ya yanke hukunci, sai an ciro nama an auna.

Yanzu ina roƙon abokan aiki abu biyu. Su rubuta mini cutar fatar da suke zargi, domin ita ke gaya mini inda zan ƙura ido: misali, mace mai dermatomiyozit, wato cutar da ke kama fata da tsoka, dole na duba ƙwan mahaifa da kyau, kuma ko hoton farko ya fito lafiya sai an sake, tunda haɗarin kansa ya fi yawa a shekarar farko ta cutar. Sannan in hali ya yi, su turo kafin a fara kortizon mai yawa, maganin da ke danne garkuwar jiki, saboda yana iya motse limfoma ta ɓace wa hoto na ɗan lokaci.