Yadda na raini marga a cikin kurmin lambuna

Lambuna ƙaramin kurmi ne. Maɗaci da ɗorawa da kaɗanya sun riga sun mamaye sama, inuwa kuwa har ta yi yawa. Abin da babu shi ne launi a lokacin rani, sa'ad da komai ya yi furu-furu da ƙura. Shi ya sa na zaɓi marga, itaciya mai furanni rawaya da rani, wadda masana tsirrai suka sa wa suna Cassia sieberiana tun 1825. Itaciyar dajinmu ce, tana nan daga Senegal har Uganda, ta saba da fari, ta saba da tsakuwa. Ban ga dalilin nemo baƙuwar itaciya mai son ban-ruwa kullum ba, alhali ga wadda ƙasar ta san ta.

Da iri na fara. 'Ya'yan marga dogaye ne kamar sanda, sukan wuce santimita 50, ƙwayoyin na jere a ciki kowace da ɗakinta. Da yawa ƙwari sun huda su tun suna kan uwa, sai an tsince. Fatar ƙwayar tauri gare ta, in aka shuka ta haka sai ta daɗe a ƙasa ba motsi. Na tafasa ruwa, na sauke, na zuba irin, na bar shi ya kwana. Waɗanda suka kumbura su na shuka a leda, waɗanda suka ƙi kuma na ɗan kankare musu gefe da wuƙa na sake jiƙawa. Kada dashen ya daɗe a leda, domin saiwar tsakiya da wuri take nutsawa, in ta nannaɗe a gindin leda itaciyar ba ta sake yin ƙarfi yadda ya kamata. Damina na zama na dasa.

Inda aikin yake shi ne zaɓen wuri, kuma nan ne kurmi ke yaudarar mutum. Da rani ganye ya zube, ko'ina sai ka ga haske, ka ɗauka ko'ina ya yi. Da damina ake duba wuri, lokacin da sama ta rufe. Na riƙa zagayawa da hantsi da azahar da la'asar ina lura da inda rana ke taɓa ƙasa. Da gangan na raba dashen biyu, wasu a bakin sarari inda rana ke kai rabin yini, wasu can ciki ƙarƙashin maɗaci. Na ciki ba su mutu ba, amma sun yi tsawo siriri, sun karkata suna neman haske, har yau ko fure ɗaya. Na bakin sarari su suka yi jiki suka baza rassa.

Akwai kuma gasar da ido ba ya gani. Saiwoyin manyan itatuwa na jin danshi suke shigowa ramin dashe, don haka nakan datse su da shebur a kewaye. Busasshen ganye nakan tara shi a gindi ya riƙe laima, amma ba ya taɓa jikin itaciyar saboda gara. Busasshiyar ciyawa kuwa sharewa nake yi kafin iskar hunturu, saboda wuta.

Ban-ruwa na yi a ranin farko, na rage a na biyu, daga nan na daina ɗungum. Wannan ya fi komai yi mini wuya, domin ganin itaciyarka tana zubar da ganye sai hannu ya kai ga bokiti. Amma haka halittarta take: sai ta tuɓe, sannan tsakanin Fabrairu da Afrilu furanni rawaya su zubo zara-zara, tsawon wani gungu ya kai kamu biyu, manyan ƙudajen nan baƙaƙe masu huda itace su yi ta gurnani a kansu suna kakkaɓo garin fure.

In za a yi sassabe, a bari sai furen ya ƙare, kuma a rage rassan manyan itatuwan da ke ƙoƙarin sake rufe sararin kafin a taɓa margar kanta.