Tsofaffin Manyan Motoci a Bakin Waɗanda Suka Tuƙa Su

Ɗan ƙaramin kamfanin dakon kaya nake da shi. Motocinmu ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, kuma babu sabuwa dal a cikinsu, don mai ƙaramin ƙarfi ta hannu yake saya, ya gyara, ya lallaɓa. Abin da Allah ya hore mini shi ne tsofaffin direbobi, wasunsu sun riƙe sitiyari tun ban san dama da hagu ba. Duk ranar da mota ta kwana a gareji ana jiran kayan gyara, hirarsu ba ta wuce guda: wace mota ce ta amsa sunanta, wace ce kuma Allah ya raba mu da ita. Na daɗe ina kasa kunne, kuma na lura ni da su ba abu ɗaya muke dubawa ba. Direba da bayansa da kunnensa da kafaɗarsa yake auna mota. Ni kuwa littafin lissafi nake buɗewa, in ga kwana nawa ta yi a kan titi, kwana nawa a kan jak.

Mota ɗaya ce bakinmu ya zo ɗaya a kanta, wato Mercedes-Benz mai gajeren hanci. A 1959 aka fara ƙera ta a Jamus, kuma ko da Turai ta daina yayinta, ba a daina yi wa ƙasashen waje ita ba sai 1995. Brazil da Ajantina da Iran duk sun harhaɗa tasu. Lambar da ke jikinta ma bayani ce: 1113 na nufin tan 11 da ƙarfin doki wajen 130, 911 kuma tan 9 da doki 110. Injin da aka fi sani a cikinta shi ne OM352, mai silinda shida, lita 5.7. Ba shi da wani ƙarfin a zo a gani, kuma direbobin ba sa ɓoye hakan. Sukan ce in ta ɗauki lodi ta fuskanci hawa, yaron mota yana iya sauka ya bi ta da ƙafa, dutse a hannu, ko da za ta yi baya. Ciki ga zafi, ga ƙara. Amma babu wanda ya taɓa ce mini ta bar shi a daji a kan abin da ya gagari hannunsa. Iska ta shiga layin mai? Ka sassauta noti, ka yi ta danna ƙaramin famfon hannu har kumfa ta ƙare, ka tayar. Batir ya mutu? Ka samu gangara. Babu kwamfuta, babu wayar da za ta hana inji tashi don ta ga dama. A wurina wannan shi ne kuɗi, domin motar da direba zai gyara da sifana uku a gefen titi ba ta jawo mini hayar janwe.

Daga nan kuma hanya ta rabu.

Ɗauki Mack ta Amurka. Tsofaffin da suka tuƙa samfurin B, wanda aka yi daga 1953 zuwa 1966, da alfahari suke maganarsa, saboda ba kowa ke iya shi ba. Sandar giya biyu gare shi, kuma a wanda ya fi kowanne yawan giya, biyar ne a sanda ɗaya, huɗu a ɗayar, ka ga ashirin ke nan. Akwai canjin da sai ka motsa sandunan biyu a lokaci guda, shi ya sa za ka ji ana cewa direba kan zura hannu ta cikin sitiyari ya kamo ɗaya, ɗaya hannun na kan ɗayar, gwiwar hannu na riƙe da hanya. Giyar ba ta da abin da ke daidaita gudun haƙora kamar ta motocin yanzu, sai ka taka kuloci sau biyu, ka saurari inji, ka jefa a daidai lokacinta. Ka kuskure, ta yi ƙarar da duk mai wucewa zai san ɗan koyo ne a ciki. Bayan samfurin R ya fito a 1966 aka zo da injin Maxidyne mai doki 237, wanda ke ja da ƙarfi tun daga juyi 1,200 a minti har 2,100, don haka giya biyar kacal ta wadatar. Wani dattijo cikin direbobina ya ce ranar da ya fara tuƙa ta sai ya rasa abin da zai yi da hannunsa na dama.

Ni abin da nake so a Mack shi ne sifirin bayanta, wannan mai lanƙwasa sama kamar tozo. Ba ya karyewa da wasa, ko wace irin hanya ce. Na taɓa yabonsa a gaban wancan dattijon, sai ya dube ni ya ce, “Alhaji, kai a ofis kake zaune. Ka hau ta ba lodi ka yi yini guda, sannan ka zo mu yi maganar.” Gaskiyarsa. Abin da ƙarfen bai ji ba, ƙugun direba ne ya ji shi, kuma da yawansu da ciwon baya suka ajiye tuƙi.

Mutanen Ingila sun fi kowa iya ƙera motar da mai ita ke so, direba na tsine mata. Injin Gardner 6LXB shi ne babban misali. Lita 10.45 ne, amma doki 180 kawai yake bayarwa, kuma ba ya wuce juyi 1,850. Da shi ake jan tan 32, wanda shi ne iyakar nauyin da dokar ƙasar ta yarda da shi a lokacin. Wajen tsimin mai da tsawon rai ba shi da na biyu a zamaninsa, har masu motoci kan yi layin jiran a ƙera musu. Direba fa? Tafiyar hawainiya, farin hayaƙi ya turnuƙe wuri da asuba, ga ɗakin tuƙi na katako da roba da iska ke shiga ta ko'ina, ga injin da bai cika yin zafin da zai ɗumama mutum a lokacin sanyi ba. In da a zamanin nake da kamfani, na san ni ma da shi zan saya, kuma na san abin da za a riƙa faɗa a bayan idona.

Shi ya sa da Volvo F88 ta fito daga Suwidin a 1965 ta ɗauke hankalin direbobi gaba ɗaya. Inji mai turbo, lita 9.6, doki 260. Giya takwas mai shiga salin-alin ba tare da taka kuloci sau biyu ba. Kai mai kifawa gaba, makanike ya ga inji a fili. Ga gadon kwana a bayan kujera, ga shiru har mutum ya ji rediyo. Duk wanda ya ɗanɗana ta ba ya son komawa gidan jiya, kuma masu motoci da yawa sun saye ta ne ba don sun so ba, sai don kada ƙwararrun direbobinsu su gudu wurin wanda ya saya. Laifinta da kowa ya sani tsatsa ce, kan motar kan ruɓe inji na nan da ransa. Scania ta biyo da samfurin 140 a 1969, mai injin V8, wato silinda takwas, lita 14, doki 350, wanda a lokacin babu babbar motar titi a Turai da ta kai shi. Har yau in ana hirarta, ba gudunta ake fara ambata ba, rugugin injin ne. Na ga tsoho mai furfura yana kwaikwayon sautin da bakinsa. Ni kuma in na ji V8, tayar baya da farantin kuloci nake tunawa, saboda direban da ke jin daɗin totur ba ya tausayinsu. DAF 2800 ta Holan, wadda ta zo a 1973, ba ta da wannan kwarjinin, amma ɗakinta faffaɗa ne mai gado biyu, kuma tana cikin na farko da suka sanyaya iskar turbo kafin ta shiga inji. Masu doguwar tafiya ita suke yi wa addu'a.

In kana son gardama ta kaure har a manta da aiki, ambaci injin Detroit na Amurka. Tun 1938 ake yin jerinsa na 71, kuma ya bambanta da sauran: kowane juyi ɗaya sai kowace silinda ta buga wuta, ba sai bayan juyi biyu ba. Saboda haka kukansa kamar yana gudu ninki biyu na abin da yake yi. Ba ya ja in juyi ya yi ƙasa, dole ka riƙe shi a sama kullum, hannunka ba ya barin giya. Masu ƙaunarsa suna cewa in ka tausaya masa ne yake lalacewa. Masu ƙinsa suna nuna kunnensu, don da yawa ba sa ji sosai yanzu. Kowa dai ya yarda yana zubar da baƙin mai, inda ya kwana sai ka ga shaida a ƙasa. Abin tsoronsa kuma shi ne ya ƙwace: baƙin mai ya sami hanyar shiga ta wurin iska, inji ya koma cin man jikinsa, ka kashe makulli ya ƙi mutuwa, juyi na ta hauhawa. Don haka aka yi wa da yawansu wani murfi da direba zai fizgo ya toshe iskar. A lissafina kuwa injin kirki ne, domin fistan da sauran kayan cikin mai silinda shida suna shiga mai takwas, kuma ana iya sabunta shi ba tare da an sauke shi daga shasi ba.

Mugun inji na gaskiya, wanda direba da makanike da mai mota duk suka haɗu a kan ƙinsa, shi ne Leyland 500 na ƙarshen shekarun 1960. Tunanin da aka gina shi a kai ba na banza ba ne. Gaskit ɗin kan inji ne ke yawan ƙonewa, sai injiniyoyin suka ce to a zuba kan da gangar jikin a ƙarfe ɗaya, babu gaskit ɗin ma balle ya ƙone. Sakamakon shi ne aikin bawul da ake gamawa cikin yini ya koma sai an sauke inji, an zare kirankishaf da fistan ta ƙasa kafin a kai gare shi. Ga shi kuma bai yi ƙarko ba. A 1968 kamfanin AEC, wanda ke ƙarƙashin Leyland ɗin, ya fitar da V8 tun bai gama nuna ba, ba a jima ba aka janye shi daga kasuwa. Duk wannan na faruwa ne daidai lokacin da Volvo da Scania ke ƙwanƙwasa ƙofar masu motocin Ingila. Zuwa 1987 sashen manyan motocin Leyland ya koma hannun DAF.

Akwai waɗanda ake ambata a wuce. Magirus-Deutz ta Jamus iska ke sanyaya injinta, babu lagireto balle ya yi yoyo ko ruwa ya daskare, abin da ya sa Tarayyar Sobiyet ta yi odar wajen 9,500 a 1974 don aikin layin dogo a Saiberiya. Ƙararta dai sai mai haƙuri, kuma in ƙura ta toshe haƙarƙarin silinda ba a wanke ba, inji ya tafi. Fiat 682 ta Italiya kuwa daga 1952 har 1988 ana ƙera ta, wannan kaɗai ya isa shaida.

Inda murya ke sauka a hirar shi ne birki. Nan babu dariya. Duram ɗin birki in ya yi zafi a doguwar gangara sai ya buɗe, ka taka ka ji babu komai. A motocin farko masu birkin iska, in iska ta zube shi ke nan, sai daga baya aka zo da mai sifirin da ke damƙe taya da kansa idan iska ta ƙare. Birkin inji na Jacobs, mai rage gudu da injin kansa, wanda wani Ba'amurke, Clessie Cummins, ya ƙirƙiro, sai 1961 ya shiga kasuwa, kuma ba kowace mota ta same shi ba. Dokar tsofaffi ita ce giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Ɗaya daga cikin direbobina ya taɓa saukowa daga wani dutse da lodin siminti, birki ya ɗauke tun a tsakiya, ya yi ta goga gefen motar da jikin dutsen har ta tsaya. Da aka auna lodin daga baya, ya kusa ninka abin da aka rubuta wa motar. Har gobe ita yake kira mafi sharrin motar da ya taɓa tuƙawa, ni kuwa a raina na san mai motar ne ya cancanci sunan.

Wannan ya sa in zan ɗauki direba aiki nakan tambaye shi motar da ya fi tsana da dalilinsa. Wanda ya ce giyarta ta uku da ta huɗu sun yi nisa da juna, ko tankin iskarta na jinkirin cika, na san yana sauraron mota. Wanda ya ce duk motar da ya riƙa cin kuloci take yi, sai in ce, “To Malam, za mu neme ka.”

Har yanzu ina riƙe da tsofaffin masu famfon mai na ƙarfe, marasa kwamfuta, don gajerun hanyoyi marasa kyau, inda sabuwa mai kwamfuta za ta yi ta kunna fitilar gargaɗi. Amma riƙon na ƙara wuya. Kayan gyara na asali suna ƙarewa, na jabu sun cika kasuwa, dokokin hayaƙi a ƙasashe da yawa sun hana su shiga manyan birane, kuma samarin direbobi kaɗan ne suka iya taka kuloci sau biyu. In an kawo mini tsohuwa a ce in saya, tare da ɗaya daga cikin dattawan nan nake zuwa. Ni in shige ƙarƙashi in duba shasi, ko akwai tsagewa ko tsohuwar walda kusa da inda sifirin ya kama. Shi kuma ya tayar da ita a sanyi, ya buɗe murfin baƙin mai ya ga ko tana huci, ya ƙirga lokacin da iska ke ɗauka kafin ta cika, sannan ya ja ta har ta yi zafi, mu ga inda allurar mai za ta tsaya. In ya sauko ya ce a bari, ko an rage kuɗin ba na saya.