Zakin Bayan Mota da Gwanjon Landan

Da na ce zan ɗauki dokumentari kan masu zanen bango da bayan mota a ƙauyukan da ke tsakanin Wudil da Birnin Kudu, abokan sana'a dariya suka yi. Wa zai zauna kallon mai fenti? Kayan aikin ma ba su taka kara sun karya ba: kyamara ta aro, ƙaramin makirfo na maƙalawa a wuyan riga, sai babur.

Gaisuwa ta fi ɗauka cin lokaci. Duk inda muka sauka sai mun je ƙofar dagaci mun faɗi, ya haɗa mu da ɗan rakiya. Wanda ya tsallake wannan ya kafa kyamara a bakin kasuwa, yara kawai zai ɗauka suna ɗaga masa hannu. Haske kuma na safe ne da na bayan la'asar, don da rana tsaka ja da ruwan ɗorawa duk kodewa suke yi a hoto.

Wanda ya riƙe fim ɗin wani dattijo ne da ke yi wa manyan motoci masu bodin katako kwalliya, irin waɗanda ke lodin shanu a kasuwar Wudil ranar Juma'a su nufi kudu. A gwangwanin madara yake dama fenti. Da alli zai ja layi biyu ko uku, daga nan sai burushi: zaki, ɗawisu, dagi, a ƙasa ya rubuta "Haƙuri maganin zaman duniya". Bai taɓa sa sunansa ba. Na ce, "Baba, me ya hana?" Ya ce, "Ɗana, motar tawa ce? Direban da ya san aiki, tun daga nesa zai gane jelar zakina."

Sai na ba shi labarin Banksy, mai zanen bangon nan na Ingila da ke ɓoye fuskarsa. A 2018 an yi gwanjon wani zanensa a gidan gwanjo na Sotheby's da ke Landan, ana buga guduma an sayar da shi fam miliyan ɗaya da 'yan kai, sai wata na'ura da aka ɓoye cikin firam ɗin ta yanyanka rabinsa. A 2021 aka sake sayar da yagaggen sama da fam miliyan 18. Baba ya ajiye burushi ya ce, "To ai ba zanen suka saya ba, labarin suka saya."

Ni dai a ganina ya faɗi gaskiya. A can, kuɗi yana bin suna da takardar shaida da gidan gwanjo. Shi kansa Banksy yana da ofishin da ke tantance aikinsa, kuma wanda ba shi da takardar ofishin da wuya babban dillali ya taɓa shi. A nan kuwa kafin a buɗe gwangwani an gama ciniki: kuɗin fenti kaza, ladan hannu kaza. Sauran darajar a wajen masu kallo take. Wani mai aski ya gaya mana tun da aka zana masa kawuna a ƙofar shago, samari ke zuwa su nuna da yatsa su ce wannan suke so. Wani direba ya ce a tasha ba a kiran lambar motarsa, "mai ɗawisu" ake cewa.

Tsofaffin gidajen ƙasa sun fi ba ni tausayi. Magina kan fitar da zane a jikin ɗanyen yaɓe, su shafe da makuba, amma kowace damina tana cin rabonta, kuma mai gida yanzu siminti yake so. Mun kuma hau duwatsun Birnin Kudu, inda tun zamanin da wasu mutane suka zana shanu marasa tozo a jikin dutse. Babu suna, babu farashi, ga su nan har yau gwamnati na kula da su a matsayin kayan tarihi.

Wajen tacewa na zubar da yawancin hotunan zanen da aka gama, na bar hannu yana aiki da ƙarar burushi a kan katako. Nan ne idon mai kallo ke tsayawa.

Kyamara kuma ba 'yar kallo ba ce, tana taɓa ciniki. Bayan mun haska fim ɗin da majigi a dandalin garin, yaran Baba suka fara rubuta sunansu da lambar waya a gindin kowane zane, suka ƙara kuɗi. Baba bai ji daɗi ba, ya ce rashin kunya ne. Su kuwa suka ce masu buga bana da kwamfuta sun kwashe musu aikin shaguna da na 'yan siyasa, in ba su sa suna ba wa zai neme su? Duka maganganun biyu na ɗauka, na ƙara su a ƙarshen fim ɗin.