Luxor, garin da masallaci ke zaune a kan haikalin Fir'aunoni

Tun da na dawo daga Masar kowa a majalisarmu ta Tudun Wada tambayarsa ɗaya ce, ka ga dala? Eh na gani, amma ni fa abin da ya tsaya min a rai Luxor ne, can kudu a bakin kogin Nilu, jirgin ƙasa na dare na hau daga Alƙahira sai da gari ya waye muka sauka. Larabawa na ce masa Al-Uƙsur, kuma nan ne tsohon birnin Thebes, babban birnin Fir'aunoni a wani zamani.

Haikalin Karnak, wani tsohon wurin bautar Fir'aunoni, na fara zuwa da sassafe saboda ranar garin nan ba ta wasa. Akwai wani zaure a ciki mai ginshiƙai 134, na tsakiya sun kai wajen mita 21, wallahi mutum ya tsaya a gindin ɗaya ya ɗaga kai har hularsa sai ta nemi faɗuwa, kuma duk jikinsu zane ne da rubutu an sassaƙa cikin dutse, can sama inda rana ba ta dukansu sosai har yanzu da sauran launi, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa, abin da aka shafa sama da shekara 3,000. Na kai fuskata kusa da wani zanen agwagwa, gashin fiffikenta ɗaya bayan ɗaya a jere, wani bawan Allah ne ya zauna da kurfi da guduma ya yi wannan, ba a ma san sunansa ba. Ga kuma doguwar hasumiyar Hatshepsut, macen da ta yi sarautar Masar, dutse ɗaya ne tal daga Aswan aka ɗauko shi ta ruwa.

Daga Karnak zuwa haikalin Luxor akwai hanya mai kusan kilomita 3 da gumaka jere hagu da dama, a 2021 aka sake buɗe ta. Ban iya takawa duka ba, zafi.

To abin da ya fi kama ni yana cikin haikalin Luxor ɗin. Masallacin Abul Hajjaj, a kan ginin Fir'auna yake zaune ɗaram, lokacin da aka gina shi ƙasa ta binne haikalin, da aka zo aka kwashe ƙasar sai tsohuwar ƙofarsa ta koma can sama a rataye. Ana sallah a ciki har gobe. Ina tsaye kusa da gunkin Fir'auna Ramsis na biyu aka kira la'asar, na hau na bi jam'i.

Da nake ba Kawuna labari ya ce, kai yaro me ya kai ka ɗakin gumaka? Na ce Kawu ai kallo na je ba bauta ba, mutanen garin ma Musulmi ne akasarinsu kuma da wurin suke cin abinci, daga mai kwalekwale har mai keken doki. Ya yi shiru sannan ya ce to Allah ya sa mu wa'aztu.

Gaskiya abin ya sa ni tunanin gida sosai. Mu ma fa muna da ganuwar Zazzau, muna da Kufena, muna da Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa a shekarun 1830, har masana gini daga waje suna zuwa kallonsa. Amma je ka zaga bayan ganuwa yau ka gani, wani wurin an yanka an yi gida, wani wurin bola, wani ana ɗibar ƙasar ana bulo. Na san tasu dutse ce tamu ƙasa, damina na cinta, shi ya sa ma ta fi bukatar a kula da ita, kuma wannan abu yana ci min rai ba kaɗan ba.

Wanda zai je ya daure ya bari sai lokacin sanyi, Disamba ko Janairu, ya tsallaka yammacin kogin ya ga Kwarin Sarakuna inda aka gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a 1922, kuma kar ya shiga kwalekwale sai an gama ciniki tun a bakin ruwa.