Abin da Kujerar Alƙali Ta Koya Mini a Gasar Zambon Gambara

Alƙalancin gasar zambon gambarar zamani, inda mawaƙa biyu ke tsayawa gaba da gaba kowa yana neman kunyata ɗan'uwansa da baitoci, aiki ne da ake yi a tsakiyar hayaniya, kuma hayaniyar nan ita ce babbar jarabawar alƙali. Abin da na fi amfana da shi a wannan aiki shi ne sanin cewa sowar 'yan kallo shaida ce da ya kamata a saurara, amma ba ita ce hukunci ba.

Wannan matsala ta daɗe tare da sana'ar. A shekarar 1981, a wani gidan rawa mai suna Harlem World da ke birnin New York na Amurka, mawaƙin gambara Busy Bee ya hau dandali da salonsa na tayar da jama'a su amsa masa, sai Kool Moe Dee ya biyo bayansa ya nufe shi kai tsaye, yana kiran sunansa yana kushe salon nasa ɗango bayan ɗango. Kaset ɗin wannan dare ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, kuma masu bin tarihin gambara suna ɗaukarsa a matsayin lokacin da nauyin magana ya fara rinjayar iya nishaɗantar da taro.

Tsarin da aka fi bi a yau ya kafu ne ta hannun ƙungiyoyin shirya gasa irin su King of the Dot ta Kanada da Don't Flop ta Ingila, waɗanda suka fara a 2008, da kuma Ultimate Rap League (URL) ta Amurka da ta biyo baya a 2009. Yawanci zagaye uku ake yi, babu kiɗa, kuma kowane mawaƙi ya san abokin karawarsa makonni kafin ranar, saboda haka ya rubuta baitocinsa ya haddace. Ni kuwa nakan rubuta wanda ya ci kowane zagaye tun kafin a shiga na gaba, kuma ba na komawa in goge. Dalili shi ne wanda ya yi magana a ƙarshe yana da wata riba da bai wahala a kanta ba, domin muryarsa ce ke kunnen kowa lokacin da aka juyo ana jiran alƙalai, kuma zagaye na uku mai zafi yakan sa a manta cewa mai shi ya sha kashi a biyun farko.

Inda na fi daɗewa ina koyo shi ne rarrabe ɗangon da aka ɗinka wa mutum da wanda za a iya jefa wa kowa. Zambo a kan tsayi ko ƙiba ko sutura yana fasa ɗaki da dariya nan take, amma sau da yawa idan aka cire sunan wanda aka yi wa aka saka na wani, babu abin da zai canza. Ɗangon da ya tono wani abu da abokin karawa ya taɓa faɗa a baya, ya nuna yadda ya saɓa wa kansa, sannan ya rufe da habaici mai harshen damo, shi ne ya fi nauyi a wurina, ko da kuwa jama'a sun ɗan yi jim kafin su gane shi. Haka ma amsa-amo: akwai masu jera gaɓoɓi huɗu ko biyar su dace da juna cikin gwaninta, amma idan aka tambayi abin da suka faɗa sai a tarar babu komai, ba girin-girin ba dai a yi mai. Duk da haka ba na yarda da alƙalan da ke raina taro gaba ɗaya. Idan baiti ya yi zurfin da babu wanda ya kama shi sai mai shi, to laifin na mawaƙin ne, tunda a gaban mutane ya zaɓi ya yi wasansa. Abin da nake lura da shi shi ne daga wane ɓangare sowar ta taso, domin mawaƙin da ya cika gefe guda da magoya bayansa zai samu tafi ko tari ya yi.

Martanin nan take, wato mawaƙi ya ɗauki abin da aka faɗa masa yanzu ya mayar da shi makami, yana da maki na musamman, sai dai gogaggu sukan hango inda za a soke su, su shirya amsa tun daga gida. Ba na ɗaukar hakan a matsayin maguɗi, amma bai kai wanda aka ƙirƙira a tsaye ba. Mantuwa kuwa, idan ta yi tsawo har mawaƙi ya tsaya yana lalube, kusan kullum tana cinye zagayen, amma ba ta tsallakawa zuwa na gaba.

Hukunci ba ya kashe gardama. Har yau ana muhawara a kan wasan ƙarshe na gasar Scribble Jam ta 1997 a birnin Cincinnati, inda Juice ya doke Eminem, kuma URL takan bar yawancin wasanninta ba tare da alƙalai ba, ta ƙyale masu kallo su yi ta jayayya. Inda kuwa akwai kambu ko kuɗi dole ne a yanke, shi ya sa ake zaunar da alƙalai uku ko biyar don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A irin wannan zama nakan nemi kowane alƙali ya miƙa takardarsa kafin ya ji ta bakin na kusa da shi, sannan idan mawaƙin da ya faɗi ya zo neman ba'asi, in iya nuna masa zagayen da ya rasa da ɗangon da ya kayar da shi.