Auren mangwarona, mako na goma

'Yan uwa masu koyon dashe, ga inda aka kwana. Cikin mangwaro 6 da na aura (wato na haɗa reshen wani iri a jikin ƙaramar bishiya da ake kira uwa) a farkon damina, 4 sun kama, 2 sun bushe. Iyayen duk 'yan gida ne da na shuka daga ƙwallo, rassan kuma na irin mangwaron da ake kira Julie ne da na yanko a lambun kawuna.

Biyun da suka mutu, sai da na kwance ledar na gane dalili. In ka kankare ɓawo da farce za ka ga wani siririn abu mai danshi da santsi tsakanin ɓawon da itacen. Shi ne ke haɗe uwa da reshe. Nawa reshen ya fi uwar siranta, na kuma dasa shi a tsakiya, don haka ko ta gefe ɗaya ba su taɓa juna ba.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne na uku a layi. Na ɗaure shi da zaren buhu tamau, na manta ban sassauta ba. Shekaranjiya na ga saman ɗaurin ya kumbura kamar gwiwa, ƙasansa kuma ya tsuke, alhali ganyen shar da shi. Ashe hanya biyu ce a jikin bishiya. Ruwa daga saiwa ta cikin itacen yake hawa, zare bai isa can ba. Sukarin da ganye ke haɗawa da hasken rana kuwa ta cikin ɓawo yake sauka ya ciyar da saiwa, shi ne zaren ya tare ya taru a sama. Shi ya sa in akuya ta ɓare ɓawo ta zagaye gindi, bishiyar takan jima kore kafin ta mutu: saiwar ce ke mutuwa da yunwa a hankali. Wallahi na ji tausayinsa. Na yanke zaren nan take.

Duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, ku tsinke shi da wuri, domin shi zai shanye ƙarfin uwar ya bar reshen.

Sabon ganye kuwa in ya fito ja-ja yana lilo kamar ya yi yaushi, kada ku ɗura masa ruwa. Haka jaririn ganyen mangwaro yake. Na mayar da huɗun ƙarƙashin darbejiya, sai sun yi ƙwari zan fito da su rana kafin hunturu.