Jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 daga Abuja zuwa Kano: abin da lissafi ya nuna mana

Tambayar da muka zauna a kanta ita ce: layin dogon Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186 da aka buɗe a Yulin 2016, da na Kaduna zuwa Kano mai kimanin kilomita 203, za su iya ɗaukar jirgin fasinja mai gudun kilomita 300 a awa? Mutane da yawa suna ganin tunda faɗin dogon milimita 1,435 ne, irin na Faransa da Sin, ba tsohon mai 1,067 da Turawa suka kawo Kano a 1911 ba, to sayen jirgi mai sauri ne kawai ya rage. Mun fara da taswira da alƙalami, sannan muka shiga fili, kuma tun a kwanar farko wannan zato ya rushe.

Kwana ce ke yanke wa jirgi gudu. Idan jirgi zai sha kwana, ana ɗaga dogon waje sama da na ciki don kada fasinja da ƙafafun jirgi su jefu gefe. Ɗagawar ba ta cika wuce milimita 150 zuwa 160 ba, domin jirgin da ya tsaya a wurin kada ya karkace da yawa. Ana kuma yarda ɗagawar ta gaza abin da gudun ke bukata da gibin kamar milimita 100 wanda jikin fasinja zai jure ba tare da shayi ya zube masa ba. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: ka ninka gudun da kansa, ka ninka da 11.8, ka raba da jimillar milimitocin nan biyu, wato 250. Abin da ya fito shi ne nisan mita daga tsakiyar da'irar kwanar zuwa kan dogo. Gudun 150 yana ba ka kimanin mita 1,060. Gudun 300 yana ba ka mita 4,250. Ka ninka gudu sau biyu, kwana ta buɗe sau huɗu. A Sin, inda ake gudun 350, mita 7,000 suke ɗauka. Layin da aka zana don gudun da bai wuce 150 ba ya kauce wa duwatsu da ƙauyuka da kwanoni masu matsi, kuma ba a gyara kwana ɗaya ba tare da an taɓa kilomitoci a gabanta da bayanta ba. Da muka jera waɗanda za a miƙe, sai muka ga sabon layi muke zanawa.

Layin da ke nan guda ɗaya ne, jirage suna jiran juna a tasha. Mai sauri yana son biyu, da tazarar kamar mita 4.5 tsakanin tsakiyarsu saboda bugun iska idan jirage suka gifta juna. Haɗa shi da jirgin kaya ma wata rigimar ce. Jirgin fasinja mai sauri yana hawan tudu mai tashin mita 35 a kowace kilomita, kamar a layin Faris zuwa Liyon na 1981, amma jirgin siminti ko hatsi yana son kada tashin ya wuce mita 12 ko kusa da haka. Kuma idan mai gudun 80 ya shiga gaban mai gudun 300, ya cinye gurbin jirage da dama a jadawali.

Inda muka fi daɗewa shi ne wuta. Babu jirgin dizal da ke jigilar fasinja a gudun 300, sai an ja waya a sama mai ƙarfin kilobolt 25, da tashar taransifoma kowace kilomita 40 zuwa 60. Jirgi ɗaya irin wanda Maroko ta saya yana jan sama da megawat 9 idan ya taka. Jimillar ba ita ce ta tsorata mu ba: ko jirage takwas ne a kan hanya lokaci guda, megawat 70 zuwa 80 ne, a ƙasar da wutar babban layinta ke yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Matsalar yanayin jan ce. Jirgi yana fizgar wuta ne farat ɗaya, daga waya ɗaya cikin uku, sai ya rikita daidaiton layin. Saboda haka ba a jona shi a layin gari, sai a manyan layukan kilobolt 132 ko 330, kuma kowace tasha a ba ta hanyar wuta biyu da ba su fito daga tushe ɗaya ba. Idan babban layin ƙasa ya faɗi gaba ɗaya, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu, hanyoyin biyu duk sun tafi. Tagogin waɗannan jirage ba sa buɗuwa. Tarago cike da mutane a tsakiyar daji cikin Afrilu, na'urar sanyaya ta mutu, minti talatin ma ya yi yawa. Shi ya sa muka sa tashar samar da wuta ta layin kansa a cikin kuɗin aikin tun daga farko.

Shi kansa dogon, mai nauyin kilo 60 a kowace mita, ana yi masa walda ne ya zama zare ɗaya babu gaɓa. Ƙarfen da aka ɗaure ba ya samun wurin miƙewa, don haka kowane digiri ɗaya na zafi yana ƙara masa matsin kusan tan biyu. A bazarar Kano, iska tana wuce digiri 40, ƙarfen da ke rana kuma yana iya kaiwa 60. A daren hunturu ya sauko kusan 10. Idan aka ɗaure dogo da sanyin safiya, zai lanƙwashe da rana a bazara. Idan aka ɗaure shi da tsakar rana, walda za ta tsage a hunturu. Dole a ja shi da na'ura har ya kai tsawon da zai yi a matsakaicin zafin wurin, a rubuta adadin a littafi, kuma duk wanda ya yanke dogo don gyara ya maimaita wannan aiki. A ƙarƙashinsa ana jera matasan kankare 1,667 a kowace kilomita, a kan tsakuwar dutse mai kaurin santimita 30 zuwa 35. Dutse ba matsala ba ne daga Abuja har Kano, marmara ma tana ɗaukar nauyi da kyau. Fadama ce abin tsoro: laka tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, kuma nutsewar da motar haya ba za ta ji ba tana girgiza jirgi mai gudun 300. A irin wuraren nan ko dai a kwashe lakar, ko a ɗora layin a kan gada. Ƙurar hunturu kuwa tana toshe tsakuwa da matatun iska, ta kwanta a kan tangaran na wayoyi, raɓa ta sauka, wuta ta yi tsalle. Alhazanmu da suka hau jirgin Makka zuwa Madina, mai kilomita 450 da ya fara aiki a 2018, sun hau layin da yashi ya ba wa injiniyoyinsa wahala sosai.

A gudun 300, jirgi yana cin mita 83 a daƙiƙa ɗaya, kuma ko an danna birkin gaggawa sai ya yi fiye da kilomita uku kafin ya tsaya. Matuƙi ba ya iya karanta sigina a gefen hanya, umarni yana zuwa masa ne a allon gabansa. Ma'anar wannan a fili ita ce babu mahaɗar titi da dogo ko ɗaya, kuma shinge ne hagu da dama, kilomita 780 ke nan. Nan ne taswira ta fi yi mana ƙarya. Ba ta nuna burtali, ba ta nuna hanyar da mata ke bi zuwa rafi, ba ta nuna cewa gari yana gabas maƙabartarsa tana yamma. Sai da muka zauna da masu unguwanni da arɗo-arɗo suka nuna mana da hannu. Ƙa'idar da muka fitar ita ce mashiga ta ƙarƙashi kowace kilomita ɗaya zuwa biyu a inda ake noma, mai faɗin da garke zai wuce, mai tsayin da amalanken shanu da kaya zai shiga, kuma da magudanar ruwa, don mashigar da ta zama tafki a Agusta ba ta da amfani. Inda aka yi rowar mashiga, mutane za su yanke shinge, kuma ban ga laifinsu ba.

Filin da za a karɓa, a faɗin mita 50, ya kusa hekta 2,000. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, diyya kuma ta amfanin gona ce da gini. A kan takarda wannan yana sauƙaƙa aiki, a fili kuwa gonar gado mai magada goma sha ba ta sallamuwa da sa hannun mutum ɗaya. Tsaro ba sai na tsawaita ba: bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022, bai koma aiki ba sai Disamba. Wayar tagulla a sama da gefen hanya kuwa kaya ne da ɓarayi suka san kasuwarsa.

Kuɗi: Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2014 cewa Sin tana gina kilomita ɗaya a dala miliyan 17 zuwa 21, Turai 25 zuwa 39. A miliyan 20, kilomita 390 sun kai dala biliyan 7.8, alhali layin Abuja zuwa Kaduna bai kai dala miliyan 5 a kilomita ba. Jirgin Maroko yana da kujera 533. Idan ana tashi kowane rabin awa, awa 16 a rana, ta ɓangarori biyu, jirage 64 ke nan, kuma in kujeru bakwai cikin goma sun cika, fasinja miliyan 8.7 a shekara. Irin wannan cunkoso ne ke riƙe layi. Maroko ta yi dabarar gina sabon layi kusan kilomita 200 kacal daga Tanja zuwa Kenitra, jirgin ya ƙarasa Kasablanka a tsohon layi mai lantarki, tafiyar awa 4 da minti 45 ta koma awa 2 da minti 10. Mu ba mu da tsohon layi mai lantarki, ga shi tikiti da naira ake saya, kayan gyara da bashi kuma da dala.

Da matsakaicin gudun 240, Abuja zuwa Kano awa ɗaya da minti 40 ce. Da matsakaicin 120, awa uku da kwata. Kowace tsayawa tana cin minti biyar zuwa bakwai, don haka Kaduna da Zariya sun isa, ko da kowane ɗan majalisa zai nemi tasha a mazaɓarsa. Mutumin da zai ɓata awa guda kafin ya isa tashar Idu a Abuja ko ta Rigasa a Kaduna kuma ya riga ya zubar da fiye da rabin ribar saurin. Shawarar da muka rubuta ita ce a ninka layin ya zama biyu, a kawar da mahaɗun titi, a gina mashigai da shinge, a kai gudu 160. Duk sabon yankin da za a gina daga yanzu, a ba kwanoninsa mita 4,250 zuwa sama inda fili ya yarda, gadojin da ke ƙetare layin kuma a ɗaga su yadda wayar kilobolt 25 za ta wuce ƙarƙashinsu ba tare da an rushe ba.